Yadda muka tayar da injin tafkin Kawu bayan an ce ya ƙone

Gidanmu a Aboabo yake nan Kumasi, kuma a tsakar gidan akwai wani ɗan tafki na siminti da Kawu ya sa aka gina masa tun lokacin da ya bar fataucin goro ya zauna gida. Ba wani babba bane, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1 da rabi, zurfi santimita 60, in ka buga lissafi ruwan ciki lita 1,800 kenan. An jera duwatsu ta gefe guda ruwa na gangarowa ta kansu yana komawa ciki, akwai karfasa da wasu jajayen kifaye na ado, abin da ke tura ruwan sama kuwa wani ƙaramin inji ne baƙi da ake nutsa shi can ƙasan ruwa, wayarsa kaɗai ke fitowa waje. Tunda ƙafa ta fara damun Kawu ni ke kula da wajen. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, na ga mutane da yawa suna jefar da irin injin nan da sunan ya ƙone, alhali lafiyarsa ƙalau datti ne kawai ya shaƙe shi, kuma abin na min ciwo don kuɗi ne ake zubarwa, kifi kuma na mutuwa kafin a sayo sabo.

Namu bai tsaya lokaci guda ba. Cikin hunturu ne, ƙura ta cika gari ga ganyen mangwaron maƙwabta na zubowa, sai ruwan da ke sauka kan duwatsu ya fara raguwa kaɗan kaɗan. Ni dama ina da hanyar da nake gwada ƙarfinsa, in cire tiyo daga bayan duwatsu in zura cikin jarkar nan rawaya da muke cewa galan ɗin Kufuor, mai lita 25, in duba agogon waya. Lokacin da yake da lafiya cikin sakan 50 take cika, wato lita 1,800 a awa, daidai da ruwan tafkin gaba ɗaya, kuma haka ake so, ruwan ya zagaya duka sau ɗaya cikin awa ɗaya ko biyu. A jikin kwalinsa dai an rubuta lita 3,000 a awa, amma wannan lissafin na injin da ba ya ɗaga ruwa sama ne ko kaɗan, da zarar ka ce ya hau mita ɗaya ta cikin tiyo mai tsawo to ƙarfin ya ragu, kada wanda ya ga haka ya zaci an cuce shi. Toh a wannan karon sai da jarkar ta ci minti 2 da rabi, lita 600 kenan. Ga kuma wata ƙara da ya fara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ana cikin haka aka ɗauke wuta da rana, da aka dawo da ita bayan la'asar sai inji ya ƙi tashi, in ka kusanto ka saurara kana jin gurnaninsa a ƙasa amma ko ɗigon ruwa babu.

Kawu yana zaune a kujerarsa ya ce "ɗana ai ya ƙone, ka shiga Adum gobe ka sayo wani kada kifayen nan su lalace." Na ce "Kawu ka yi haƙuri in fara kai shi Magazin wajen masu gyaran injuna a duba, abin da ya ƙone ba ya gurnani." Ya ce to Allah ya taimaka.

Kafin komai na je na zare fulogi daga soket. Ba kashe makunni kawai ba, zarewa gaba ɗaya in ga bakinsa a hannuna. Wutar Ghana volt 230 ce, kuma mutum yana tsaye ba takalmi kan jiƙaƙƙen siminti hannunsa cikin ruwa, in akwai ƴar tsaga a jikin waya shikenan sai dai salati. Sannan na jawo shi da igiyar da ke ɗaure a hannunsa. Dan Allah duk mai irin injin nan ya ɗaura masa igiya ta nailan, kada a riƙa jan sa da wayar wuta, don wajen da wayar ta shiga jikinsa an liƙe shi ne yadda ruwa ba zai shiga ba, yau ka ja gobe ka ja sai liƙin ya saki.

Washegari na hau tirotiro, wato motar haya, zuwa Suame inda Magazin yake. Wanda ya san Magazin ya san ba abin da ba a gyarawa a wajen, daga injin tirela har na niƙa, kuma ƴan Zango da yawa can suke neman abincinsu. Na sami wani dattijo mai naɗin kwayil da wani abokina ya kwatanta min, na gaishe shi na ce "Masta ga abin da ya kawo ni." Ya juya shi a hannu ya ce "ƙanina, irin wannan ba a naɗa masa kwayil, an zuba masa wani ƙaro ne ya daskare ya rufe kwayil ɗin ruf saboda ruwa, in ya ƙone ya ƙone kenan, amma bari mu gani tukuna." Ya ɗauko mitarsa ya ɗora kan ƙafafu biyu na fulogi, ta nuna kwayil na nan bai yanke ba. Ya sake ɗorawa tsakanin ƙafar wuta da doguwar ƙafar nan ta sama ta at, wato mai kai wutar da ta yoyo ƙasa, ya ce ba yoyon wuta. Ya bi wayar da yatsa tun daga fulogi har gindi yana lanƙwasa ta yana neman tsaga ko inda ɓera ya ci, ya duba jikin injin ko ya kumbura ko ya fashe. Ya ce da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan da cewa zai yi in jefar, ba gyara. Daga nan ya ɓalle murfin gaba ya nuna min ciki, ya ce "je ka gida ka wanke da hannunka, in na wanke maka yau wata uku za ka sake dawowa, gara ka iya." Ko sisi bai karɓa ba, da na matsa ya ce in saya wa yaransa koko. Allah ya saka masa da alheri.

A gida na shimfiɗa buhu a inuwa, na kawo bokiti biyu, tsohon buroshin haƙori, ɗan tsumma, da ƙaramin kwano na zuba ƙananan kaya don kada su ɓace. Na ɗauki hoto da waya a kowane mataki kafin in cire abu, wannan ya taimaka sosai wajen mayarwa.

Farko akwai kejin roba mai ramuka da ke rufe da bakin da yake zuƙo ruwa, shi ba ya buƙatar sukundireba, danna shi kawai ake ta gefe ya fita. A cikinsa akwai soso, nawa ya koma baƙi ƙirin ya yi nauyi da laka da kashin kifi da ruɓaɓɓen ganye, har da guntun ledar fiyawata da iska ta kwaso ta manne a jikin ramukan ta toshe kusan rabi. Soson nan a ruwan tafkin na wanke shi, na ɗebo a bokiti na yi ta matsawa ina sakewa har ya yi sauƙi. Ba a wanke shi da ruwan famfo kai tsaye, ba a sa omo ko sabulu. Dalili, akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a jikin soson da jikin duwatsu, su ke cinye gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi da numfashinsu su mai da ita abin da ba ya cutarwa sosai, ruwan famfon da ke zuwa mana daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi kuwa an sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta mu sha lafiya, to shi kulorin bai san na kirki da na banza ba duka yake kashewa. Kuma ba sai soso ya koma fari tas ba, a dai fitar da lakar da ta toshe shi.

Bayan keji sai wani murfi zagayayye, murɗa shi ake kaɗan ta hagu ya fita, a bakinsa akwai siririn zoben roba, na cire a hankali na sa a kwano. Nan ne farfela take, ƴar ƙarama mai fukafukai, a manne da wani dunƙulen maganaɗisu mai siffar batir. Abin da na fahimta a wajen Masta shi ne injin nan ba shi da wani abu mai motsi sai wannan kaɗai. Kwayil na cikin jiki a rufe, in wuta ta shiga sai ya riƙa juya maganaɗisun daga nesa ba tare da sun taɓa juna ba, maganaɗisu ya juya farfela, farfela ta watsa ruwa ta tiyo. Ruwan da yake ciki shi ke sanyaya shi shi ne kuma man sa, shi ya sa in ruwan tafki ya ja baya injin ya yi aiki a bushe yake zafi ya lalace da gaske. Kuma ƙarfin da yake tashi da shi daga tsaye kaɗan ne ƙwarai, in yana cikin gudu zai iya jure datti ya yi ta lallaɓawa, amma da zarar an ɗauke wuta ya tsaya datti ya kwanta masa, in an dawo da ita ba ya iya ɓallewa sai gurnani. Abin da ya sami namu kenan. Duk wanda ya zauna garin nan lokacin yawan ɗauke wutar nan da ake kira dumso na 2015 zai gane yawan injinan da aka zubar ta wannan hanyar.

Na kama farfelar da yatsu na jawo ta a miƙe, za ka ji maganaɗisun na riƙewa kamar ba ya son fita, haka yake, a dai ja a miƙe kada a karkata. Dalilin da ya sa nake nanata wannan, a tsakiya akwai wata siririyar sanda fara wadda yake juyawa a kanta, ta tangaran ce ba ƙarfe ba, ba ta tsatsa ba ta saurin cinyewa amma in ta lanƙwasu kaɗan ko ta faɗi kan siminti ƙaras take karyewa. Kowane bakinta akwai ƴar hular roba baƙa, ɗaya kan maƙale can cikin rami ɗaya a jikin murfi, su ke riƙe ta a tsakiya.

Abin da na tarar a wajen ya ba ni mamaki wallahi. Zaren gansakuka da gashi da zaren buhu sun naɗe a wuyan farfela tam, sai da na sa allura na riƙa tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan ƙanƙanin dodon koɗi ya shige tsakanin fukafukai, ina jin shi ne mai ƙarar nan. Jikin maganaɗisun kuma ya yi kaushi da wani baƙin gari, ashe ɓurɓushin ƙarfe ne da tsatsa da ke cikin yashi da ƙura yake jawowa su manne masa, kuma tazarar da ke tsakaninsa da bangon ramin ƴar kaɗan ce, wannan garin kaɗai ya isa ya riƙe shi. Buroshi ba ya fitar da shi sosai don yana komawa ya manne, da jiƙaƙƙen tsumma na riƙa shafowa ina tattarawa zuwa baki ɗaya ina cirewa. Ramin ma na naɗa tsumma a jikin tsinke na goge shi har ƙasa, na haska tocilan na tabbatar ba sauran yashi.

Akwai kuma wani farin ɓawo mai tauri da ya kama sandar da cikin murfi, irin wanda ruwa ke bari musamman a tafkin siminti. Shi ba a kankare shi da wuƙa. Na haɗa binega fara da ruwa rabi da rabi a kwano na jiƙa su, na je na yi sallar azahar na ci abinci, da na dawo ya yi laushi buroshi kawai na sa ya fita. In babu binega ruwan lemun tsami ma na yi. Na ɗauraye komai sosai da ruwa. Kada a sa giris ko baƙin mai ko man gyaɗa da sunan ya yi santsi, ba ya buƙata, kuma yana iya cutar da kifi.

Da na zo mayarwa sai na lura hular roba ɗaya ta buɗe, sanda na rawa a cikinta. In aka bar ta haka maganaɗisu zai riƙa gogar bango yana ƙara har ya ci jikin ramin. Nemanta ya ɗan ba ni wahala gaskiya, masu kayan ruwa a Adum injin suke sayarwa ɗungurungum ba kayan cikinsa ba, sai a wajen wani mai sayar da kifin ado na sami mataccen inji irin namu sak wanda kwayil ɗinsa ya ƙone, na saye shi da araha na cire hulunan da sandar da farfelar na adana. Shawarata ga mai sayen sabo ya tambayi mai shago tun farko ko ana samun farfelarsa daban, in ya ce babu a duba wani. Masu ƴan'uwa a Amurka da ake aiko musu da kaya a durom kuma su kula, wutar can volt 120 ce, in ka soka injin can a soket ɗinmu ba taransifoma nan take zai ƙone, ƙonewa ta gaske wadda Masta ma ba abin da zai iya.

Na mayar da komai yadda hoto ya nuna, hula, sanda, maganaɗisu da farfela, zoben roba, murfi. Na juya farfelar da yatsa na ji tana tafiya tana ɗan tsalle tsalle, wannan jan maganaɗisu ne ba matsala ba. Ban kai shi tafki ba tukuna, na cika bokiti na nutsa shi na karkata shi iska ta fita, na janye hannuna na goge sannan na soka fulogi. Ruwa ya yi tsiri sama har ya jiƙa min riga, ba ƙara ba komai. Kawu daga inda yake ya ce "Alhamdulillahi, kai ɗana Allah ya yi maka albarka."

Tiyon ma sai da na bi ta kansa, don in ka wanke inji ka bar tiyo rabin aiki ka yi. Cikinsa ya yi kore ya tsuke, na ɗaura tsumma a igiya na ja ta ciki ya fito da wani yauƙi mai wari, kuma na sami inda ya lanƙwashe a bayan dutse na miƙe shi. Sannan maimakon in ajiye injin a ƙasan tafki inda duk laka ke taruwa, sai na ɗora shi kan bulo, nesa da inda ruwan ke sauka don ruwan ya zagaye tafkin duka. Wannan bulon ya rage min aiki fiye da komai, kuma yana da wani amfanin, in tiyo ya taɓa saɓulewa da dare ruwa na zuba waje injin ba zai iya kwashe tafkin tas ba, zai bar wa kifi abin da za su rayu a ciki. Na sake gwajin jarka, sakan 50 da ɗan kai.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi damuna. Wayar injin ba ta kai soket ba, wanda ya haɗa tun farko sai ya ƙara wata ya naɗe mahaɗin da baƙin salatif ya bar shi kwance a ƙasa inda ruwan sama ke bi, kuma jikokin Kawu nan suke wasa. Na kira mai gyaran wuta ya kawo soket mai murfi kusa da tafkin ya kafa shi a bango sama da ƙasa sosai, ya sa bireka irin mai yanke wuta da kanta in ta ji yoyo, ta miliyam 30, tana da ɗan maɓalli da ake dannawa lokaci lokaci a ga ko tana aiki. Ya bar wayar ta ɗan yi lilo ƙasa kafin ta hau soket yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga ƙasa. Na ƙara da na'urar nan da ake sa wa firji mai jinkirta wuta in an dawo da ita. Kuɗin ya fi na injin kansa amma ban ji ciwonsa ba ko kaɗan.

Mun ɗan yi ja-in-ja da Hajiya a kan kashe shi da dare, ita tana duba kiredit ɗin mita ne kuma tana da gaskiyarta. Na ce "Hajiya bari mu lissafa", injin wat 55 ne, in ya kwana ya wuni yana aiki yunit 1 da ɗan kai yake ci, a wata wajen yunit 40. In ma dole sai an kashe to ba da dare ba. Da rana gansakuka da ganyen ruwa suna ba da iskar oksijin, da dare kuwa su ma shaƙa suke tare da kifi, shi ya sa iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci gab da asuba, kuma ruwan ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi, a zafin Fabrairu da Maris abin ya fi tsanani. Wanda ya fito sallar asuba ya ga kifayensa sun taso sama suna buɗe baki to iska suke nema, zubowar ruwan nan kan duwatsu ita ke sa musu ita. Ƙwayoyin cikin soson ma in ruwa ya daina bi ta kansu na awoyi da yawa mutuwa suke. Ga sauro, shi ruwa mai kwanciya yake so ya yi ƙwai, mu kuma nan ba sai an gaya wa kowa zazzaɓin cizon sauro ba. Da ta ji maganar sauro ta ce a bar shi ya yi ta aiki.

In an ɗauke wuta ta daɗe, ba na ba kifin abinci don cin abinci na ƙara musu buƙatar iska, sai in riƙa ɗibar ruwan da bokiti ina kwararo shi daga sama lokaci lokaci, kuma in an dawo da wuta sai na leƙa na ga ruwa na gudu da idona kafin in bar wajen.

Yanzu soso duk Juma'a da safe nake matse shi in hunturu ne ko lokacin da ganye ke zuba, da damina kuma bayan kowane babban ruwa nake dubawa saboda jar ƙasar da ke wankowa ciki. Farfela ina buɗe ta kamar sau ɗaya a wata, ko duk ranar da jarka ta wuce minti ɗaya ba ta cika ba. Da rani ruwa na ƙafewa da sauri, sai in tara na famfo a baho ya kwana ya wuni a buɗe kulorin ya fita kafin in ƙara, kuma na ja layi da fenti a bangon tafkin na nuna wa yaran gida, in ruwa ya sauka ƙasa da layin nan ba na gida su zare fulogi su kira ni. Abin da ya rage yanzu ɗan injin iska mai batir nake tara wa kuɗi saboda ranakun da wuta ke kwana ba ta dawo ba, na riga na tambayo farashi a wajen mai kifin nan, in Allah ya yarda kafin zafi ya shigo zan ɗauko shi.